Yaro Mai Sikila a Bronx: Yadda Wani Iyali Suka Fita Daga Inshorar Lafiya da Ƙafarsu, da Yadda Suka Koma

Iyalin da matsayinsu, 2016 zuwa 2017

Mutanen Damagaram ne, suna haya a ɗaki biyu a kudancin Bronx da ke birnin New York, unguwar da Hausawan Gana da Nijar da Najeriya ke da masallatansu da shagunansu. Su huɗu ne: maigida, matarsa, ɗansu na fari da aka haifa a 2013, da ƙanwarsa. Tukunyarsu ɗaya, amma a idon dokar Amurka kowanensu matsayinsa daban.

Maigidan ya ci cacar biza, ya shigo a watan Afrilun 2016 da katin zama na dindindin, wato girin kad. Ya sa sunan matarsa da ɗansa a takardar, sai dai kuɗin biza da gwajin lafiya da tikitin mutum uku sun fi ƙarfinsa. Bizar caca kuwa ba ta jiran kowa: idan 30 ga Satumba ta wuce ba a ba mutum ba, ta mutu ke nan. Ya taho shi kaɗai, ya fara da wankin mota, daga baya ya samu lasisin tuƙin tasi. A tsakiyar 2017 matar ta iso da yaron da bizar ziyara. An ba su wata shida, wa'adin ya cika, suka zauna.

Dokar tarayya ta 1996 ta ce yawancin masu girin kad sai sun cika shekara biyar kafin su samu Medicaid, inshorar lafiyar masu ƙaramin ƙarfi da gwamnatin tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinta. Wanda ba shi da takarda kuwa, abin da ke gare shi a matakin tarayya kulawar gaggawa ce kawai. A 2009 aka ba jihohi zaɓin ɗage jiran ga yara da masu juna biyu da ke zaune bisa doka. New York ta wuce nan. Tun 2001 babbar kotun jihar ta yanke cewa ba za a hana baƙin da ke zaune bisa doka Medicaid ɗin jiha ba, kuma shirinta na yara, Child Health Plus, yana karɓar duk yaron da bai kai shekara 19 ba, da takarda ko babu.

Gano cutar da shiga inshora, 2018

Da matar ta samu ciki, wata maƙwabciya 'yar Kumasi ta kai ta awo. A can aka yi mata rajistar Medicaid na masu juna biyu, wanda New York ke bayarwa ba tare da duba takardar zama ba. A lokacin yana ƙarewa bayan kwana 60 da haihuwa. Ta haifi 'ya mace a Afrilun 2018. Jaririyar 'yar ƙasa ce tun ranar, kuma doka ta ba ta Medicaid na shekara guda kai tsaye, tunda uwarta na da shi ranar haihuwa.

Kamar kowane jariri, an ɗiga jinin dundunenta a kan kati. New York ce jiha ta farko da ta sa sikila cikin wannan gwaji, tun 1975. Sakamako ya nuna AS: tana ɗauke da ƙwayar gadon, ba ta da cutar. Likitar yara ta tambaya ko akwai wani yaro a gida. Nan uwar ta ba da labarin da ta sha bayarwa a gida ana ce mata sanyin ƙashi ne: yana jariri hannuwansa da ƙafafunsa kan kumbura, idonsa kan yi ɗorawa, kuma duk hunturu sai ya kwana yana kukan ciwon gaɓoɓi. Aka gwada shi, ya fito SS, wato yana da cutar.

A watan Yuni ya shiga Child Health Plus. Abin da uban ke samu bayan an cire kuɗin mota da mai bai kai matakin da ake biyan komai ba, don haka kyauta ne. Asibitin masu cutar jini ya ɗora shi kan hydroxyurea kullum, da folik asid, aka cike masa allurar rigakafi. Ana ɗibar jininsa a kai a kai, domin maganin na iya rage fararen ƙwayoyin jini, sai an bi shi da awo. An yi masa hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ake yi wa masu sikila duk shekara daga shekara 2 zuwa 16 don a hango shanyewar ɓarin jiki tun kafin ta zo. Sakamakon ya yi kyau. Daga Yunin 2018 zuwa Oktoban 2019, sau ɗaya aka kai shi sashen gaggawa, kuma bai kwana ba.

Saƙon murya, Oktoba 2018 zuwa Oktoba 2019

Ranar 10 ga Oktoban 2018 Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Amurka ta wallafa daftarin sabuwar ƙa'ida kan mutumin da ake ganin zai zama nauyi a kan hukuma. Tun ƙarni na 19 dokar shige da fice ke da wannan sharaɗi, amma daga 1999 abu biyu kawai ake dubawa: tallafin tsabar kuɗi da doguwar kwanciya a gidan jinya da kuɗin gwamnati. Sabon daftarin ya ƙara Medicaid da tallafin abinci da na gidaje.

Abin da ya iso wayar maigidan ba daftarin ba ne. Saƙon murya ne na minti uku a WhatsApp, da Hausa, daga wanda ba a san ko wane ne ba, an tura shi daga zaure zuwa zaure. Yana cewa duk wanda ɗansa ya ci magani da katin gwamnati za a ƙwace girin kad ɗinsa, kuma za a bi shi bashin kuɗin. A wurin jiran fasinja a filin jirgi ma zancen ke nan. Ba su kaɗai ba ne. Binciken cibiyar Urban Institute ya gano cewa a 2018 kusan mutum ɗaya cikin bakwai na manya a iyalan baƙi sun ce wani a gidansu ya guji wani tallafi don tsoron abin da zai jawo wa takardarsa.

Tsoron maigidan yana da inda ya dosa. Shirinsa shi ne ya cika shekara biyar a 2021, ya zama ɗan ƙasa, sannan ya nema wa matarsa da ɗansa girin kad, domin matar ɗan ƙasa da ta shigo da biza tana iya gyara takardarta a cikin Amurka ko da wa'adinta ya wuce. Duk abin da zai taɓa wannan shiri, a wurinsa ya taɓa gidan gaba ɗaya. A bazarar 2019 ya daure ya sabunta inshorar yaran. Amma a watan Agusta aka fitar da ƙa'idar a kammale, aka ce za ta fara aiki 15 ga Oktoba.

Ya je wurin wani mai shagon cike takardun haraji da na shige da fice, wanda ba lauya ba ne. Mutumin ya karɓi kuɗin shawara, ya ce masa ya janye daga komai har ƙura ta lafa. Da dare matar ta ce, "Malam, maganin yaron fa?" Ya ce, "Hajiya, wata nawa ne? Mu lallaɓa. In aka hana ku kati, ina za mu sa kanmu?" Ya buga waya ya soke inshorar yaran biyu da tasa. Ranar 11 ga Oktoba kotunan tarayya suka dakatar da ƙa'idar, amma wannan labari babu wanda ya yi saƙon murya a kansa. Inshorar ta ƙare a ƙarshen watan.

Lallaɓawa, Nuwamba 2019 zuwa Janairu 2020

Maganin wata guda ya rage a kwalba. Uwar ta riƙa ba shi yau ta tsallake gobe, ya kai su tsakiyar Disamba. Da ya ƙare, mai kemis ya ce sai da sabuwar takardar likita. Likitan jini kuma ba ya rubutawa sai ya ga awon jini, awon kuwa yana asibitin da suke gudu.

Suka gwada wani ƙaramin asibitin kuɗi-hannu a bakin titi. Likitan ya rubuta maganin ciwo, ya ce wannan ba aikinsa ba ne, su koma wurin likitan jini. Wani matafiyi ya kawo musu folik asid da ƙullin sassaƙe daga gida, suka haɗa da zuma da habbatus sauda. Babu ɗaya cikinsu da ke yin aikin hydroxyurea, wato ƙara wa jiki irin jinin jarirai wanda ke hana jajayen ƙwayoyi lanƙwashewa.

Asibiti ya kira don tunatar da su hoton ƙwaƙwalwa na shekara. Uwar ba ta ɗaga lambar da ba ta sani ba. 'Yar ƙaramar ma allurarta ta wata 18 ta wuce, alhali akwai shirin tarayya da ke ba yaran da ba su da inshora rigakafi kyauta tun 1994. Akwai kuma cibiyoyin lafiya na unguwa da ke karɓar kuɗi gwargwadon samun mutum, ba sa tambayar takarda. Iyalin sun ɗauka duk ƙofar da ke da tambarin hukuma ɗaya ce. A Janairu yaron ya rasa makaranta kwana takwas saboda ciwon ƙafa da baya.

Kwanciya a asibiti, Fabrairu 2020

A mako na uku na Fabrairu zazzaɓi ya kama shi, ma'auni ya nuna 39. Tun 2018 an koya wa uwar cewa mai sikila in zafinsa ya kai 38.5 asibiti ake kai shi nan take, ko da tsakar dare ne. Ta sani, uban ma ya sani. Suka ba shi farasitamol, suka jira dare biyu. A dare na uku numfashinsa ya koma sama-sama, yana riƙe ƙirji, ya kasa kwanciya. Uban ya sa shi a tasinsa.

Wata dokar 1986 ta wajabta wa sashen gaggawa ya duba duk wanda ya zo, ya ceto shi, kafin zancen kuɗi ko takarda. An karɓe shi. Hoton ƙirji ya nuna ciwon huhun nan da ke kama masu sikila, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe su. Aka sa masa iskar oksijin da maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka ƙara masa jini. Ya kwana bakwai, biyu a sashen kulawa ta musamman.

A kwanakin farko an yi ta magana ba a fahimci juna ba. Da ma'aikata suka ga an rubuta Nijar, sai suka kira tafintan Faransanci. Uwar allo ta yi, Faransancinta bai wuce gaisuwa da lissafin kuɗi ba. Ta riƙa gyaɗa kai don kunya, aka rubuta cewa an yi mata bayani. Da aka kawo wa uban takardar Medicaid na gaggawa, wanda aka tanada don irin wannan rana ga marasa takarda, ya ga kalmar Medicaid a sama ya ture ta. Ya ce zai biya da kansa. Ƙiyasin da aka nuna masa ya fi abin da yake samu a shekara. Ana cikin haka, ranar 24 ga Fabrairu, ƙa'idar ta fara aiki, bayan Kotun Ƙoli ta ɗage dakatarwar a ƙarshen Janairu. An gudu ba a tsira ba.

Mutum huɗu, layi huɗu, Maris 2020

Jami'ar walwalar sashen yara ce ta lura cewa uwar ba ta taɓa yin tambaya ba. Ta tambaye ta wane harshe take yi da ɗanta, ta nemi tafintan Hausa ta waya. A zaman farko uwar ta yi magana kusan awa guda, kuma a nan ne asibiti ya fara jin labarin saƙon murya da mai shagon takardu. Jami'ar ba ta yi musu da uban ba. Ta ce ita ba lauya ba ce, ta nema masa ganawa da lauyar shige da fice ta ActionNYC, shirin birnin na wancan lokaci na ba da shawara kyauta.

Ni na yi musu tafinta a wannan zama. Uban ya zo da wani dattijon masallacinsu, ya ce yana so a faɗa a gaban babba. Lauyar ta ɗauki farar takarda ta ja layi huɗu, ta rubuta mutum ɗaya a kan kowane layi, ta ce za a yi tambaya biyu ga kowa: wace takarda zai nema nan gaba, kuma wane tallafi ne ke da sunansa a kai.

Uban: zai nemi zama ɗan ƙasa. Ba a yin gwajin zama nauyi a kan hukuma a wurin neman zama ɗan ƙasa ko sabunta kati. Abin da zai kiyaye shi ne kada ya wuce kwana 180 a wajen Amurka a tafiya ɗaya.

'Yar: 'yar ƙasa ce, babu abin da za ta nema. Kuma ƙa'idar da kanta ta ce abin da wani ɗan gida ya karɓa ba a lissafa shi a kan mai nema.

Yaron: zai nemi kati. Child Health Plus ba ya cikin jerin. Medicaid na wanda bai kai shekara 21 ba an cire shi. Na gaggawa ma an cire shi.

Uwar: za ta nemi kati. Medicaid na ciki da na kwana 60 bayan haihuwa an cire shi, kuma shi kaɗai ta taɓa karɓa.

Uban ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "To duk wannan wahala, babu ko ɗaya da ya shafe mu?" Lauyar ta gaya masa gaskiya: akwai sauran abubuwan da jami'i zai duba a kan matar da yaron, irin su samun gidan da ilimi da lafiya, kuma a wannan awo ciwo mai tsanani ba tare da inshora ba nauyi yake ƙarawa. Dattijon ya juya ya ce, "Ɗana, ka ji da kunnenka. Sa hannu." Ya sa.

A lokacin Medicaid na iya komawa baya har wata uku, don haka na gaggawa ya ɗauke kuɗin kwanciyar. Wata mai taimakon rajista ta NY State of Health, shirin rajistar inshorar lafiya na jihar, ta mayar da 'yar kan Medicaid, yaron kuma inshorarsa ta fara aiki 1 ga Afrilu. Sun shige da ƙyar, domin ranar 22 ga Maris aka rufe jihar saboda korona. Uwar ta shiga NYC Care, shirin asibitocin birnin na waɗanda ba su cancanci inshora ba, wanda aka fara a Bronx a Agustan 2019. A ziyararta ta farko aka gano tana da hawan jini. Tun tsakiyar 2018 babu wanda ya auna ta.

Abin da ya biyo baya, 2020 zuwa 2023

An mayar da yaron kan hydroxyurea a Afrilu. Hoton ƙwaƙwalwa bai samu ba sai ƙarshen damina saboda korona, kuma ya nuna gudun jini a matakin tsakiya, wanda ba hatsari ba ne amma yana buƙatar sa ido. An maimaita bayan 'yan watanni, ya sauko. Bai sake kwana a asibiti ba har ƙarshen 2023.

A Maris 2021 gwamnati ta daina aiki da ƙa'idar 2019. Uban ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa a 2022, ya shigar wa matarsa da ɗansa takardu, tare da alkawarin ɗaukar nauyi da ke buƙatar samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci. Wannan sharaɗi ne ya ba shi wahala, sai da wani abokin aikinsa ya tsaya masa. Katin ya fito a 2023. Yaron, da yake bai kai 18 ba kuma yana hannun uba ɗan ƙasa, ya zama ɗan ƙasa kai tsaye bisa dokar 2000. Maganin da ya sha da katin jiha bai hana komai ba.

A 2023 aka dawo da sabunta rajista bayan dakatarwar zamanin korona. Wasiƙar ta iso, uwar ta kai ta ofishin masu rajista a makon.

Nawa ganin

Babu ranar da doka ta hana yaron nan inshora. Wata biyar ya yi babu ita, ya kusa rasa ransa, a jihar da ta fi yawancin jihohi buɗe ƙofa ga 'ya'yan baƙi. Ban ga laifin uban da zan riƙe ba. Mutum ne da ya auna hatsari biyu da bayanin da ke hannunsa, ya kuma biya kuɗi don a ba shi shawara. Mai shagon da ya karɓi kuɗi ya yi fatawa kan abin da bai karanta ba, shi yana da alhaki, haka ma wanda ya naɗi saƙon murya. Amma kaso mafi girma na waɗanda suka rubuta ƙa'idar ne. A cikin takardunta ma'aikatar ta amince cewa wasu da ƙa'idar ba ta shafa ba, har da 'yan ƙasa a gidajen baƙi, za su janye daga tallafi. Sun san haka suka ci gaba.

Takardun bayani da aka lilliƙa a asibitoci da Turanci da Sifaniyanci ba su isa gidan nan ba. Abin da ya yi aiki abu ne mai arha: tafinta a harshen da uwar ke tunani da shi, lauyar da ta daina cewa "ku" ta koma "kai, ke, shi, ita", da dattijon da uban ke jin nauyinsa. Da an cire dattijon, ina ganin da uban ya tafi gida ya sake tunani, kullen korona ya riske shi. Kwamitocin masallatanmu na Bronx suna tara kuɗin kai gawa gida cikin kwana biyu. Za su iya ware mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya riƙe lambar lauyan kyauta, kuma ya hana tura saƙon da ba a san mai shi ba a zauren masallaci.

Sai dai ba komai ne jita-jita ba. Shekara biyun da uwar ta yi da hawan jini ba a sani ba, giɓi ne da ke cikin dokar kanta, wadda ta kula da ita tana da ciki ta sake ta bayan kwana 60. New York ta tsawaita wa'adin zuwa shekara guda a 2023, kuma ya zo mata a makare. Ba kuma zan ce wa kowa ya ɗauki layukan nan huɗu na 2020 ya yi aiki da su yau ba. A 2025 an miƙa bayanan wasu masu Medicaid ga hukumar tsaron cikin gida, kuma majalisa ta zartar da dokar da za ta rage baƙin da ke samun Medicaid na tarayya daga Oktoban 2026. Uban da ya zo mini yanzu da irin wannan tsoro, ba zan iya ce masa babu komai ba. Zan kai shi wurin lauya a makon, in kuma roƙe shi kada ya soke inshorar yaron kafin ranar ganawar.